Waƙar Biki da Aljihun Masu Liƙi

Jama'a, mu saurari waƙoƙin biki na yanzu da kunnen basira. Rabin waƙa sunaye ne: Alhaji wane ya ba da jika goma, Hajiya wance ta ba da turmin atamfa. Kiɗi da daɗi, murya da zaƙi, amma in an cire sunayen, mi ya rage?

Ba basira ce ta ƙare ba. Mawaƙin da bai yanke kuɗin aikinshi tun kafin biki ba, tilas ya bi aljihun masu liƙi. Ga ƴan amshi da makaɗa suna jiran rabo, ga kuɗin mota.

Ya kamata ya yi ciniki, a sa a takarda: rana, wuri, kuɗi da kafin alƙalami. Ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya kai sunayen waƙoƙinshi BNDA a Yamai, ma'aikatar kare haƙƙin masu fasaha da aka kafa a 1995, don ya samu rabonshi in rediyo ta sa su.

Mawaƙin da ya san abincin gobe, shi ke da sukunin yi ma manomi da makiyayi waƙa.