Zorro da Mulkin Mallaka: Tsokaci a Kan Jigo

Kamfanin Walt Disney ya shirya wasan talabijin na Zorro a Amurka daga 1957 zuwa 1959, kashi 78, Guy Williams ne tauraro. Tushen labarin ƙagaggen littafi ne na Johnston McCulley na 1919. An gina wasan a Kalifoniya wajen 1820, lokacin tana ƙarƙashin Sifaniya. Wannan tsokaci zai duba tambaya ɗaya: wane zalunci ne tauraron yake yaƙa?

Ta fuskar zubi, wasan ya ƙayatar. Don Diego ɗan mai gonaki ne da ya dawo daga karatu a Sifaniya. Da rana yana nuna shi rago ne mai son littafi. Da dare sai ya rufe fuska, ya hau baƙin dokinsa Tornado, ya zare takobi. Baransa Bernardo bebe ne, ya kuma ƙara da kurumtar ƙarya don ya jiyo asirin sojoji. Saja Garcia, mai tumbi da son giya, shi ne abin dariya. Wanda ya san tatsuniyar Gizo da Kura ba zai yi baƙunta a nan ba: wayo ke kayar da ƙarfi.

Matsalar tana wajen jigo. A kashi 13 na farko, mugun shi ne Kyaftin Monastario. Har aikin tilas ya sa ƴan asalin ƙasar da ke zaune a mishan, Zorro ya cece su. Amma wasan bai tambayi yadda ƙasarsu ta koma hannun limaman mishan da iyalai irin na Diego ba, alhali tun daga 1769 aka fara kafa mishan ɗin, kuma cututtuka da aikin dole sun hallaka ɗimbin mutanensu. A ƙarshe ma wakilin Sarkin Sifaniya ne ya zo ya tuɓe Monastario. Ke nan laifin na ma'aikaci ɗaya ne, sarautar kuwa adila ce. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Yana da kyau ɗalibi ya kwatanta wannan da fim ɗin Sarraounia na Med Hondo (1986), kan turjiyar Lugu ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. A can, waɗanda aka zo mallaka su ne masu magana da ɗaukar makami. A Zorro kuwa jiran mai ceto suke, mai ceton ma ɗan gidan masu mallakar ne.