Jagora da wanda ya biya: sake karanta Frison-Roche ta hanyar Haute Route

Tsakanin Chamonix a Faransa da Zermatt a Suwis akwai hanyar da ake kira Haute Route, wato hanyar sama. Turawan Ingila masu hawan duwatsu ne suka fara bin ta da ƙafa wajajen 1861, a 1911 kuma Marcel Kurz da abokan tafiyarsa suka ratsa ta kan siki daga Bourg-Saint-Pierre har Zermatt. A yau tafiya ce ta kwana shida ko bakwai da ake yi a watannin Maris da Afirilu. Matafiyi yakan manna wata fata a ƙasan sikinsa don kada ya zame baya lokacin hawa, in ya kai bisa ya cire ta ya sulalo cikin dusar ƙanƙarar da babu injin da ya daddale ta. Kowane dare yana da zangonsa: Argentière, Trient, Dix, Vignettes. Gidaje ne da aka kafa bisa duwatsu, wasu sama da mita 3,000, inda ake cin abinci a teburi ɗaya, a kwana a ɗaki ɗaya, a tashi kafin asuba. Da yawa daga cikin matafiyan sukan ɗauki jagora, su biya shi.

A nan ne zancen adabi ya shigo. Hoton jagoran dutse da masu karatun Faransanci suka sani, mutum ɗaya ne ya fi kowa zana shi: Roger Frison-Roche, wanda aka haifa a Pari a 1906, ya rasu a Chamonix a 1999. A 1930 ya zama baƙo na farko da ƙungiyar jagororin Chamonix, wadda aka kafa a 1821, ta karɓa cikinta. Ba baƙon Sahara ba ne kuma: ya hau duwatsun Ahaggar a 1935, ya bi ayarin motocin Berliet da ya ratsa Tenere a 1959 zuwa 1960. Littafinsa mafi shahara, Premier de cordée, wato na gaba a igiya, a Aljer ya rubuta shi, ya fara fitowa kashi-kashi a wata jarida ta can a 1941. Mutumin da ke kewar ƙanƙara ne ya rubuta shi a bakin hamada, kuma ana jin kewar a kowane shafi.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Jean Servettaz, gogaggen jagora, yana so ɗansa Pierre ya riƙe otal, ya bar wa wasu igiya. Wata rana Jean ya hau dutsen Drus da wani Ba'amurke mai suna Warfield. Hadari ya taso, jagora ya ce a koma, baƙo ya ƙi. Jean ya bi son baƙonsa, tsawa ta kashe shi can bisa. Ɗan dakonsa Georges ne ya sauko da Ba'amurken, wanda hankalinsa ya gushe, shi kuwa Georges sanyi ya ci yatsun ƙafafunsa. Pierre ya faɗo wajen neman gawar mahaifinsa, ya fasa kai, ya tashi da jiri da tsoron tsayi. Sauran littafin labarin yadda ya yaƙi jirin ne har ya koma sana'ar ubansa.

Kashin farko shi ne zuciyar littafin, kuma da wuya a samu wurin da marubucin ya fi shi. Abin da ya kashe Jean Servettaz ba jahilci ba ne. Ya karanta sama daidai, ya san abin da ke tafe. Abin da ya gagare shi shi ne ya ce a'a ga wanda ya biya kuɗi, wanda kuma ya taɓa masa mutunci da zancen tsoro. Frison-Roche ya kama wani abu da duk mai sana'ar jagora ya sani: shi ne shugaba a kan dutse, amma ɗan ƙwadago ne a ƙasa. Umurni nasa ne, aljihu na wani. Mai karatun da ya ji labarin fatake daga bakin kakanninsa zai ga bambanci nan take. Madugu uban tafiya ne. In ya ce a yada zango, an yada, don shi ma attajiri ne cikin attajirai, dukiyarsa na cikin ayarin. Jagoran Chamonix ba shi da wannan gata. Ya fi kama da ɗan ƙasar da ake ɗauka ya nuna rijiya, a sallame shi in an sha ruwa.

Sai dai marubucin ya buɗe wannan ƙofa, ya juya mata baya. Da zarar an sauko da Warfield, labarin ya rabu da shi, tambayar kuɗi da iko ta bi shi ta tafi. Abin da ya rage shi ne tarbiyyar jarumi: saurayi ya faɗa shaye-shaye, abokai suka tsamo shi, ya danne tsoronsa, ya koma gaban igiya. Rubutun yana da daɗi, musamman inda ake kwatanta makiyaya da faɗan shanu a tsaunuka. Amma darasin ya karkace. Littafin da ya fara da mutumin da ya mutu don bai juya baya ba, ya ƙare da yabon wanda ya koyi ƙin juyawa. Ba mamaki labarin ya samu karɓuwa a Faransar da Jamus ta mamaye, har Louis Daquin ya mai da shi fim a 1944: ƙasar da aka kayar tana bukatar a ce mata za ta miƙe. Masu tafiya bisa ƙanƙara kuwa wani abu daban suke bukata.

Haute Route ta nuna haka. Kayan aiki sun canza sarai tun zamanin Servettaz. Kowane matafiyi yana ɗauke da na'urar da ke aika sigina in dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi, da shebur, da sandar bincike, domin mafi yawan waɗanda ake tonowa da rai, cikin minti 15 na farko ake tono su. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa 5 na haɗarin zaftarewa. Jagoran Suwis Werner Munter ya koya wa ƴan sana'ar su auna abu uku kafin su taka gangara: yanayi da dusar ƙanƙara, shimfiɗar ƙasa, da mutanen kansu. Na ukun nan shi ne Warfield. Bai tsufa ba, sai ma ya samu sababbin hujjoji: an kama gado a zango na gaba tun watanni, hutun aiki mako ɗaya ne, tikitin jirgi yana jira a ƙarshen hanya. Kwana ɗaya na zama ya isa ya warware tsarin duka, kuma jagora ne zai faɗi wannan magana a teburin karin kumallo.

Ranar 29 ga Afirilu 2018 guguwa ta rutsa da mutum 14 a yankin Pigne d'Arolla, a kan hanyarsu daga zangon Dix zuwa na Vignettes. Sun kwana a fili, tsakaninsu da ƙofar zangon ƴan ɗaruruwan mita ne kawai. Bakwai suka rasu, har da jagoran. Ba hurumin mai sharhin adabi ba ne ya yanke wa mamaci hukunci, kuma babu wanda ya ce abin da ya faru a Drus ne ya maimaita kansa. Amma malamin da zai karanta Premier de cordée da ɗalibansa bayan wannan dare yana da dalilin daɗewa a kan babin Drus fiye da babin nasara, ya tambaye su wane ne na gaba a igiyar a lokacin da aka yanke shawara.

Shi kansa Frison-Roche ya koma ga dutsen sau biyu. A La Grande Crevasse, na 1948, jagora Zian ya auri Brigitte, ɗiyar masu hali daga birni, ya mutu cikin tsagar ƙanƙara. A Retour à la montagne, na 1957, Brigitte, wadda mutanen kwarin suka ɗora wa laifin mutuwar mijinta, ta zama mai tsaron zangon Leschaux. Wannan na ukun bai yi sunan na farko ba, alhali shi ne ya fi kusa da duniyar masu tafiya daga zango zuwa zango, domin ya zaunar da mai karatu a wurin wadda ke dafa miya tana ƙirga waɗanda suka fita da waɗanda suka dawo. A Vignettes ma, da safiyar 30 ga Afirilu, daga zangon ne aka kira masu ceto.