3.4 Sharhi a Kan Tambayar Ruwan Sama ta Soloway

Daga cikin tambayoyin da ake auna masu koyon rubuta shirin kwamfuta da su, da wuya a sami wadda ta kai tambayar ruwan sama shahara. Ta samo asali ne daga binciken Elliot Soloway da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka a shekarun 1980, a kan ɗalibai masu koyon harshen Pascal. A sigar da aka fi sani, ana buƙatar ɗalibi ya rubuta shirin da zai riƙa karɓar adadin ruwan da aka samu kowace rana, har sai an shigar da lambar tsayawa, wato 99999. Shirin zai yi watsi da duk lambar da ke ƙasa da sifili, sannan ya fitar da matsakaicin adadin.

Babu shakka tambayar tana da nagarta. Gajera ce, lissafinta bai wuce na firamare ba, amma tana tilasta wa ɗalibi ya haɗa dabaru da dama wuri guda: maimaita umarni, tara jimla, ƙirga kwanaki, tace lambobi, da kauce wa rabawa da sifili idan ba a shigar da komai ba. Soloway (1986) ya nuna cewa wahalar ɗalibai ta fi ƙarfi wajen saƙa waɗannan dabaru da juna, fiye da wajen sanin ƙa'idojin harshen.

Sai dai kuma a nan ne rauninta yake idan aka mayar da ita ma'aunin jarrabawa. Alal misali, idan aka shigar da 10, 20, -5, da 99999, amsar da ta dace ita ce 15. Ɗalibin da ya tace -5 daga jimla amma ya ƙirga ta cikin kwanaki zai sami 10. Wanda ya tara lambar tsayawa cikin jimla zai sami amsar da ta haura dubu ashirin. Wanda bai san yadda ake maimaita umarni ba kuwa, shirinsa ba zai yi aiki ba sam. Idan amsar ƙarshe kaɗai malami ya duba, duka ukun sun faɗi, alhali na farko layi guda ya rage masa ya gyara. Makin da ba ya rarrabe waɗannan ɗalibai zalunci ne ga na farko, kuma bai sanar da malami inda zai gyara koyarwarsa ba.

Binciken Lister da abokansa a 2004 ya ƙarfafa wannan suka, domin ya gano cewa ɗalibai da yawa ba sa iya bin diddigin gajeren shirin da aka riga aka rubuta su faɗi abin da zai fitar. Wanda bai iya karatu ba, ai bai kamata a fara auna shi da rubutu ba. Haka kuma Parsons da Haden, a 2006, sun gabatar da tambayar da ake bai wa ɗalibi layukan shiri a hargitse ya jera su daidai, wadda ke auna tsari ba tare da kuskuren rubutu ya shiga tsakani ba.

Bisa ga wannan, ra'ayin wannan nazari shi ne, muhallin tambayar ruwan sama ƙarshen zango ne, bayan an auna kowace dabara ita kaɗai. Ko a can ma, wajibi ne a raba makinta bisa dabarun nan biyar da ta ƙunsa.