Kura da Shan Bugu: Tarken Hotunan Gardawa na Pieter Hugo

A shekarar 2007 kamfanin ɗab'i na Prestel ya fitar da wani littafin hotuna mai suna The Hyena & Other Men, na Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Afirka ta Kudu. Ma'anar sunan ita ce kura da sauran mazaje, wato tun daga bango an jera kura a sahun mutane. Hotunan da ke ciki na gardawa ne masu wasa da kura da gwaggon biri da mesa, an kuwa ɗauke su a tafiya biyu, ta 2005 da ta 2007, a bayan garin Abuja da Legas da wasu garuruwa irin su Ogere-Remo da Asaba. Ɗaya daga cikinsu ya ci lambar farko a rukunin hoton mutum a gasar World Press Photo ta 2006. Tun da yake sana'ar ta ƙasar Hausa ce, kuma sunan da aka laƙa wa jerin hotunan na Hausa ne, littafin ya cancanci a tarke shi da harshen mutanen da ke cikinsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da hotunan suka nuna game da ɗaure naman daji domin neman abinci, da abin da suka bari a waje, sa'an nan a auna hujjar da mai littafin ya kafa a kan masu tambayar halin da dabbobin ke ciki.

Ya kamata a fara da alherin littafin, gama yana da shi. Kafin Hugo ya zo Nijeriya, wani hoto da aka ɗauka da wayar hannu a titin Legas ya riga ya yaɗu, ana ta cewa mutanen nan 'yan fashi ne, ko masu karɓo bashi da ƙarfin tsiya, ko dillalan ƙwaya. Da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola, wanda shi ma ya rubuta bayani a cikin littafin, Hugo ya same su a wata unguwar talakawa a gefen Abuja: maza 'yan uwan juna, da yarinya ƙarama, da kuraye uku, da birai huɗu, da mesa. Ya tarar 'yan wasa ne masu tallar magani, sana'ar kuwa gado ce. Wannan gyara ba ƙarami ba ne. Haka kuma a ƙarƙashin hotunan an rubuta sunan mutum da sunan dabbarsa, abin da masu ɗaukar hoton 'yan Afirka a zamanin mulkin mallaka ba su cika damuwa da shi ba. Sai dai an rubuta sunan jerin hotunan “Gadawan Kura”, an yar da harafin r, kuma haka kuskuren ya bi duniya. Gardi ake cewa, jam'insa gardawa, kalmar da Bahaushe ke kiran babban almajirin makarantar allo da ita, ya kuma kira mai wasa da kura ko maciji.

Zubin hotunan kusan iri ɗaya ne. Gardi na tsaye ko zaune a tsakiya, ya zuba wa mai kallo ido, a hannunsa sarƙa mai kauri, wani lokaci da gora a ɗaya hannun. A ƙarshen sarƙar ga kura, an saƙa mata takunkumi na igiya ya rufe baki. Bayansu fili ne mai ƙura, ko ƙarƙashin gadar sama, ko gefen rumfunan kwano, sararin sama kuwa fari fat. An rage kaifin launi har komai ya koma kalar toka da ƙasa. Birai suna sanye da riguna, ɗaya ma yana kan babur. A wani hoton yarinya ce zaune a bayan kura. Babu mai musun cewa aikin gwani ne. Wanda ya kalli hotunan sau ɗaya da wuya ya manta da su.

To, amma fa akwai abin da babu. Hugo da kansa ya faɗi cewa ya gwada ɗaukar wasan a fage, sai ya ga ba shi ne ya dame shi ba, don haka ya riƙa keɓe gardi da dabbarsa. Wannan zaɓi ne na salo, kuma kowane mai fasaha yana da ikon zaɓi, sai dai kowane zaɓi yana da abin da yake zubarwa. Wasan kura a kasuwa ba shiru ba ne. Akwai ganga, akwai akayau a ƙafa, akwai kirari, akwai taron jama'a da ke darewa in kura ta zabura, akwai tsokanar da ake yi mata don ta zabura ɗin, daga ƙarshe kuma a shimfiɗa layu da ƙullin magani a karɓi kuɗi. Kura ita ce shaidar maganin: wanda ya ga mutum ya sa hannu kusa da bakinta bai rasa yatsa ba, ya fi saurin yarda cewa abin da ke cikin ƙullin yana ci. Duk wannan an share shi daga hotunan. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abu huɗu ke cikin karin maganar nan: kura, da gardi, da bugu, da kuɗi. Hotunan sun riƙe biyun farko sun saki biyun ƙarshe, alhali kuwa su ne ke bayyana abin da ya haɗa biyun farkon. Da aka cire su, sai sarƙar ta koma kamar ado, mutum da dabba suka zama tamkar abokai biyu da suka je gidan hoto.

Daga nan ne matsalar jigo ta taso. Hugo ya ce kalmomin da suka yi ta maimaituwa a littafin ajiyar bayanansa su ne mallaka da miƙa wuya da dogaro da juna, kuma masu sharhi a Turai sun fi kama ta ƙarshen. Lalle gardi ya dogara ga kura, don ita ce jarinsa. Kura kuma ta dogara ga gardi, amma ta wace hanya? Ta hanyar da ɗaurarre ke dogara ga mai kawo masa tuwo. Kafin a kama ta ba ta bukatar kowa. Ana iya yarda cewa akwai sabo tsakaninsu, har ma da wata irin ƙauna daga wajen gardi, wanda ke ciyar da ita nama daga abin da ya samu, ya yi mata wanka, ya raɗa mata suna. Sai dai sabo da kaza ba ya hana yanka. Ɗaya daga cikin kurayen littafin sunanta Mainasara, ga ta kuwa da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, hotunan kuma ba su nuna alamar sun lura da wannan baƙar magana ba.

A nan akwai bukatar a san mene ne aka ɗaure. Tatsuniya ta saba wa mai sauraro da kura mai haɗama da wauta, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum, karin magana kuma ta mai da ita wadda ba a ba ajiyar nama. Binciken masana dabbobi ya nuna wata halitta dabam. Hans Kruuk, a littafinsa na 1972 a kan kura mai dabbare-dabbare a Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya tabbatar da cewa mafi yawan abin da take ci ita ke farautarsa, sau da yawa ma zaki ne ke ƙwace mata. Tana zaune ne cikin dangi wanda kan kai gommai, kowace ta san matsayinta, mata ne kuma ke gaba da maza (abin sha'awa, Hausa ma da sunan mace take kiran jinsin duka). Da dare take yawo, tana cin nisa mai yawa. Ke nan kurar da aka tsayar da tsakar rana a kan kwalta, ita kaɗai, cikin hayaniyar motoci, an raba ta da dangi da dare da tafiya gaba ɗaya. Ko da ba a taɓa ɗaga mata gora ba, wannan rashi yana nan.

Hujjar da Hugo ya kafa ita ce mafi bukatar tarke. Ya ce Turawa kullum halin dabbobin suke tambaya, wannan kuwa kauce wa batu ne. Abin tambaya shi ne me ya sa mutane ke bukatar kama naman daji kafin su ci abinci a ƙasar da ke cikin manyan masu sayar da man fetur a duniya. Ya kuma ce da ya tambayi 'yan Nijeriya yadda suke ji game da yadda ake riƙon dabbobin, tambayar ta rikita su, amsarsu ba ta wuce maganar neman abinci ba. Rabin farko na hujjar yana da nauyi. Akwai munafunci a wajen mai kallon da zai ji tausayin kura ya tsallake yarinyar da ke kanta ba tare da ya tambayi ko tana zuwa makaranta ba. Amma tambayar talauci ba ta kore tambayar dabba, domin gardi na iya zama wanda aka zalunta a sama, ya kuma zama mai danne wani a ƙasa. Bugu da ƙari, shi Hugo ne ya shaida cewa sana'ar gado ce daga kakanni, man fetur kuwa sai a 1956 aka same shi a Oloibiri, aka fara fitar da shi a 1958. Abin da ya girmi fetur ba a jingina shi ga fetur kaɗai.

Rabin na biyu shi ne ya fi rauni, don yana barin mai karatu da zaton cewa tausayin dabba kayan Turai ne. Karin maganar da aka kawo a baya ta isa amsa. Gaskiya ne a kan mutane ake buga ta, a kan lebura da ɗan kwangila, ko manomi da dillali. Amma ba za ta yi aiki ba sai mai sauraro ya riga ya yarda cewa an cuci kura. In da bugun kura ba komai ba ne a wurinsa, da kwatancen ya faɗi. Haka harshen ya ɗebo kayan ɗaure dabba ya bayyana iko da su: a ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, a yi wa mutum dabaibayi, a ja akalarsa, a riƙe ragamar mulki, a turke mai laifi. Mai irin wannan harshe ya san abin da ɗauri yake. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tambayar ce aka gina a kan turbar da ba ta gida ba. Bahaushe ba ya tattauna dabba ta fuskar yadda yake ji a ransa. Ta fuskar haƙƙi da alhaki yake tattauna ta, ya ce a ji tsoron alhakin abin da ba shi da baki.

Wannan ma'auni kuwa rubutacce ne, ana karanta shi a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta halatta dandaƙar tumaki saboda gyaran namansu, ta kawo hani a kan dandaƙar dawaki, ta karhanta yin lamba da wuta a fuska. Wato ana ɗora wahalar dabba a sikeli ɗaya, amfanin da ake nema a ɗaya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa, wanda ya shafi karon raguna da faɗan zakaru kai tsaye. Gardi na iya kare kansa da cewa shi yana ciyarwa, kuma wannan kariya ce ta gaske. Sai dai Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, da ya lissafa haƙƙoƙin dabba a Ƙawa'idul Ahkam bai tsaya ga abinci ba: ya haɗa da kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa, kada a haɗa ta da abin da zai cuce ta, har da a bar maza da mata su sadu a lokacinsu. Ma'ana, ɗabi'ar halitta ma tana da haƙƙi. Saniya tana ba da nono, jaki yana ɗaukar kaya, an kuma hore su shekaru dubbai har sun saba da turke. Kura ba ta nono ba ta huɗa. Amfaninta ga gardi shi ne ta tara jama'a, tara jama'ar kuwa ya dogara ga ta ci gaba da zama abin tsoro. Ana so ta zauna da fushinta, a kuma hana ta amfani da shi.

Akwai wani misali da ke nuna cewa kusantar kura ba lalle sai da sarƙa ba. A birnin Harar na ƙasar Habasha, wasu mutane kan fita bayan ganuwa da dare su kira kuraye su miƙa musu nama, wani lokaci a kan ɗan tsinken da suka riƙe da baki. Su ma kuɗi suke karɓa daga 'yan kallo, kuma Marcus Baynes-Rock ya rubuta littafi a kan al'adar a 2015. Bambancin shi ne kurar Harar ita ke zuwa, in ta ƙoshi ta koma wurin danginta. Da za a nemi inda kalmar dogaro da juna ta dace, can ne.

Saura maganar kuɗi. Hotunan sun shiga ɗakunan baje kolin fasaha a Turai da Amurka, kuma a 2011 an ga mawaƙiya Beyoncé a wani faifan bidiyo riƙe da kuraye biyu a sarƙa, siffar da masu sharhi da yawa suka danganta da hotunan Hugo. A can babu magani, babu gado, babu ko gardin. Abin da ya rage shi ne sarƙa a matsayin alamar ƙasaita. Wannan ba laifin mai hoto ba ne shi kaɗai, amma salon da ya zaɓa ne ya sauƙaƙa shi, domin hoton da aka riga aka cire wa ganga da kasuwa da gora mai sauka ba shi da wuyar ɗauka a kai wani wuri. Layin masu karɓa ya ƙaru daga gardi zuwa mai hoto, zuwa mai ɗakin baje koli, zuwa mai shirya bidiyo, kuma a cikin su duka gardin ne kaɗai ke sayen naman da Mainasara ke ci.