Zanen da ke bisa kuɗinmu

Kai mai karatu, fiddo canjin da ke aljihunka ka duba. Kowane kuɗin ƙarfe yana da zane. Kafin a buga shi da yawa, maƙerar kuɗi ta birnin Pari takan buga kaɗan don gwaji. A jikinsu ana sa ƙaramin rubutu: ESSAI, wato gwaji. Waɗannan ba su shiga kasuwa. Masu tara tsofaffin kuɗi ke nemansu, suna saye da tsada, don hannu bai cinye zanensu ba. A nan ne ake ganin aikin mai zane sarai.

To, wane zane ya yi kyau? Kuɗi na kowa ne, da mai karatu da wanda bai iya ba. Zane mai kyau shi ne wanda ake ganewa ba a tambayi kowa ba.

Dubi dala goma, wadda aka yi gwajinta a 1972. Raymond Joly ya zana ta. Ya kewaye lambar 50 da amfanin gona: hatsi, shinkafa, gujiya, koko da kafe. Manomin Maraɗi ya ga nasa, na bakin teku ya ga nasa. Wannan aiki ya yi.

Dala biyu ta 1981 ta fi ta. Mutane ne ke ɗibar ruwa a famfo. Macen da ta taɓa jan wasaki a rijiya mai gaba talatin ba ta bukatar bayani.

Amma dala biyar ta 1980 ba ta kai su ba. An zana mutum a ɗakin bincike da kwalaben awo. Nufin yana da kyau, sai dai mutumin karkara bai san abin ba. Da kai ne, ai barewar da ke bisa tsohuwar dala biyar za ka zaɓa.

Kifin nan mai dogon baki kuwa, ma'aunin zinariya ne na Ashantawa. Ya dace da kuɗi, amma sai an gaya maka.

Babban aibin shi ne dukan rubutun da Faransanci yake. An rubuta 25, mu kuwa dala biyar muke cewa. Don haka riƙe wannan: raba lambar gida biyar, ka sami dala. Wanda ya iya karanta kuɗinsa, ba a cutarsa ranar kasuwa.