Minoxidil, Gwanin Buɗe Ƙofa

Tun da na fahimci aikin minoxidil na hana kowa sakat da labarinsa, daga majalisarmu ta Tambuwal har zauren kawuna a Kebbe. Kawu ya daɗe yana fama da hawan jinin da ya gagari magunguna uku. Da likita ya ƙara masa wannan 'yar ƙwaya, sai awon ya sauko, ya koma fadamarsa.

Ku ji hikimar! Jijiyar jini tamkar tiyon ban-ruwa ce, sai dai bangonta na da tsoka mai santsi da ke matsewa da saki. Kowace ƙwayar halitta ta wannan tsoka ɗan batiri ce, cikinta maƙare da fotasiyam, sinadarin nan da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa. Idan hanta ta sarrafa minoxidil, sai ya buɗe wa fotasiyam ƙofofinsa ya kwararo waje. Nan take lantarkin cikin ƙwayar ya ƙara yin ƙasa, daga wajen milibolt 50 ƙasa da sifili ya doshi 80. Su kuwa ƙofofin kalsiyam ba sa buɗewa sai lantarki ya hau, don haka sai su rufe ruf. Ba kalsiyam, ba matsewa. Tsoka ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce salin-alin. Ƙofa ɗaya aka buɗe, wata ta rufe kanta. Tabarakallah!

Masanin Japan Akinori Noma ne ya gano irin wannan ƙofa ta fotasiyam a tsokar zuciya a 1983, alhali Amurka ta amince da maganin tun 1979. Wato maganin ya yi shekaru yana aiki kafin a san sirrinsa. Ɗan'uwansa nicorandil ma ta wannan ƙofa yake sassauta ciwon ƙirji.

Har da gyara yake bayarwa: gashi ya tsiro wa kawu a goshi da hannuwa. Irin wannan gyara ce ta sa a 1988 Amurka ta amince da na shafawa saboda masu sanƙo.

Na sha kuwa doki ne mai ƙarfi, sai da linzami. Yana sa zuciya gudu, yana tara ruwa a ƙafa, shi ya sa likita ke haɗa shi da maganin sa fitsari da mai rage bugun zuciya. Kada a saye shi a kemis da ka. Amma a hannun likita, wallahi ban ga kamarsa ba. Jiya kawu ya aiko mini da kwandon albasa.