Ɗan kokowa mai milimita 32

Kamfanonin buga mutum-mutumi da injin 3D suna cika baki a intanet: turo zanenka, mu aiko maka da shi a hannu. Na gwada wani na Turai da ɗan kokowa da abokina ya zana a Blender. Kuɗin aikowa Yamai ya fi na bugun.

Injin yana daskarar da wani ruwa mai kama da ƙaro da hasken UV, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace kaurinta milimita 0,05. Layun damtse sun fito raɗau, har ɗinkin fatarsu ana gani. Nan kam na sara musu. Amma igiyoyin ɗamara, da yake sirara ne, sai suka ƙara musu kauri ba su tambaye mu ba, suka koma kamar igiyar guga. Bayansa kuwa duk tabon ƴan sandunan da suka tallafe shi lokacin bugu.

Abin da ya fi cin raina kundin siffofinsu ne: dodanni, mayaƙan Turai, samurai na Japan, ɗaruruwa. Na nemi barde guda mai lifidi irin na hawan sallar Damagaram, babu. In ba ka da abokin da ya iya Blender, dodon wasu za ka saya.